Daga Zagami zuwa Wata: Yadda masana ke ƙirga ramuka don gane shekarun duniyoyi

A ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Dutsen Zagami, a yankin Faskari na Jihar Katsina ta yanzu, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa daga sama. Kafin ya ankara, wani dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa kimanin ƙafa biyu. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba. Da aka tono dutsen aka ɗora shi a sikeli, nauyinsa ya kai kilogiram 18, daga baya kuma aka kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna.

An daɗe kafin a tabbatar da asalin wannan baƙo. Abin da ya warware zancen shi ne wata 'yar iska da ta maƙale a cikinsa. Da masana suka auna ta, sai suka ga ta yi daidai da iskar duniyar Mars, wadda kumbunan Viking biyu na Amurka suka auna bayan saukarsu can a 1976. Sauran gwaje-gwaje sun nuna cewa dutsen ya samu ne daga narkakken dutse irin wanda dutse mai aman wuta ke fitarwa, ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Daga baya wani babban karo ya ɓantare shi daga Mars, ya yi ta gararamba a sararin samaniya na kusan shekara miliyan uku kafin ya dira a ƙasar Katsina.

Sai dai akwai tambaya ɗaya da dutsen Zagami bai amsa ba: daga wane wuri a Mars ya taso? Dutse ne mai takardar haihuwa amma ba shi da adireshi. A ɗaya ɓangaren kuma, kumbuna sun ɗauko hotunan kusan kowane lungu na Mars, an san tsaunukanta da filayenta da kwarurukanta, amma har yau ba a ɗebo ko tsakuwa ɗaya daga wani sanannen wuri a can an kawo ta ɗakin gwaji a duniya ba. To ta yaya masana ke iya nuna wani fili a hoto su ce wannan ya shekara biliyan uku, wancan kuma miliyan 100? A ɗakin tace labarai mukan buga irin waɗannan alƙaluma kamar yadda suka zo daga kamfanonin dillancin labarai, ba tare da mun tambayi inda aka samo su ba. Amsar kuwa ita ce ƙirga ramuka suke yi, kuma ma'aunin da suke amfani da shi an ƙera shi ne a kan Wata.

Gardamar shekara 350

Tun a 1609 da Galileo na ƙasar Italiya ya ɗaga madubin hangen nesa ya dubi Wata, aka san fuskarsa cike take da ramuka masu siffar ƙwarya. Abin da aka kasa yarda a kai shi ne abin da ya haƙa su. A 1665 wani masani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya yi gwaji iri biyu. Ya riƙa jefa harsasai cikin jiƙaƙƙen yumɓu, ya ga suna barin ramuka irin na Wata. Ya kuma tafasa garin wani farin dutse a tukunya, ya ga kumfar da ke fashewa ita ma tana barin ramuka irin waɗannan. Sai ya karkata ga bayani na biyu, wato zafi daga ciki, domin bai ga ta inda abin jifa zai fito a sararin da ake ɗauka fanko ne ba. Ra'ayin cewa ramukan Wata bakunan duwatsu masu aman wuta ne ya ci gaba da rinjaye har cikin ƙarni na 20.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. In da jifa ne, ai dutsen da ya zo a karkace zai bar rami mai tsawo kamar kwalekwale, amma ramukan Wata kusan dukkansu zagayayyu ne. Amsar tana cikin gudun abin da ke faɗowa. Dutsen sama yakan iso da gudun da ya kai kilomita 15 zuwa 20 a daƙiƙa guda, wato a irin wannan gudu tafiyar Kano zuwa Kaduna ba ta kai daƙiƙa 15 ba. Idan ya bugi ƙasa, ƙarfin da yake ɗauke da shi yakan saku nan take, shi kansa ya narke ko ya zama tururi, ƙasa ta tarwatse ta kowane ɓangare kamar an binne bam. Shi ya sa ramin ke fitowa a zagaye, kuma faɗinsa yakan ninka na dutsen sau 10 zuwa 20. A 1949 wani Ba'amurke, Ralph Baldwin, ya kwatanta zurfi da faɗin ramukan bama-baman yaƙi da na ramukan Wata, ya ga duk tsari ɗaya suke bi.

Hujjar da ta rufe bakin masu musu a nan duniya aka samo ta. A Jihar Arizona ta Amurka akwai wani rami mai faɗin kusan kilomita 1.2 da zurfin mita 170. Wani injiniyan haƙar ma'adinai, Daniel Barringer, ya haƙiƙance dutsen ƙarfe ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi, kuma daga 1903 ya zuba dukiyarsa wajen neman ƙarfen a ƙarƙashin ramin. Ya rasu a 1929 bai same shi ba, domin yawancin ƙarfen ya ƙone tun lokacin karon, shekara kusan 50,000 da suka gabata. A 1960 Eugene Shoemaker da Edward Chao suka gano a cikin ramin wani nau'in ma'adini da ba ya samuwa a saman ƙasa sai an matse yashi da ƙarfin da aman wuta ba ya kaiwa. Barringer ya yi gaskiya a ilimi, ya yi asara a kasuwa.

Kamar yayyafi a kan sabon daɓe

Da zarar an yarda cewa ramukan daga sama suke zuwa, sai wata dabara ta buɗe. Mai karatu ya ɗauka an yi sabon daɓen siminti a tsakar gida, bai gama bushewa ba aka fara yayyafi. Kowane ɗigo yana barin tabo. In aka shafe rabin daɓen da cokalin magini ana tsakiyar yayyafin, wanda ya zo daga baya zai iya nuna ɓangaren da aka shafe, domin tabonsa bai kai na ɗayan yawa ba. In kuma ya san yawan ɗigon da ke sauka a minti guda, zai iya faɗin minti nawa ke nan da shafewar.

Cokalin maginin Wata shi ne aman wuta. Baƙaƙen tabon nan da kowa ke gani da ido a daren sha huɗu filaye ne na daskararren narkakken dutse, wanda ya ɓulɓulo daga ciki ya malale manyan kwaruruka ya binne duk ramukan da ya tarar. Turawan da suka fara zana taswirar Wata sun zaci ruwa ne, suka sa musu sunayen tekuna, sunayen kuma suka zauna. Waɗannan filaye sun rufe kimanin kashi 16 cikin 100 na fuskar Wata, kuma ramukansu kaɗan ne. Wuraren da suka fi haske kuwa tsaunuka ne da ramuka suka cika maƙil, rami a kan rami, har ya zama sabon rami ba ya samun wuri sai ya rushe tsoho. Ko ba a auna komai ba, an san tsaunukan sun girmi filayen nesa ba kusa ba.

Wata ya dace da wannan aiki saboda ba shi da iska, ba ruwan sama, ba kogi, ba ciyawa. Ramin da aka haƙa shekara biliyan guda da ta wuce yana nan ana ganinsa. Duniyarmu ta sha jifa fiye da Wata, tunda ta fi shi girma, amma ramukan da aka tabbatar a kanta ba su wuce kimanin 200 ba. Ruwa da iska da motsin ƙasa sun goge sauran.

Aikin ƙirgar kansa ba shi da wani ƙayatarwa. Mai bincike yakan shata yanki guda a hoto, wanda ya tabbata malala ɗaya ce ta samar da shi, ya auna faɗin kowane rami, ya kasa su gida-gida bisa girma, sannan ya lissafa nawa ne a kowace murabba'in kilomita. Ƙananan ramuka sun fi manya yawa ninkin-ba-ninki, domin ƙananan duwatsu sun fi yawa a sararin samaniya, kuma wannan rabo yana da tsari sananne. In ƙirgar ta kauce wa tsarin, misali aka ga manyan ramuka amma ƙananan sun yi ƙaranci, to alama ce cewa wata siririyar malala ta zo daga baya ta binne ƙananan ta bar manyan.

A 1965 wani matashin mai bincike a Arizona, William Hartmann, ya yi amfani da ramukan da aka sani a tsofaffin duwatsun Kanada ya ƙiyasta yawan faɗowar duwatsun sama, ya ƙirga ramukan filayen Wata, ya ce shekarunsu za su kai biliyan 3.6. A lokacin babu wanda ya taɓa riƙe dutsen da aka ɗebo daga Wata. Bayan shekara huɗu aka samu damar gwada maganarsa.

Mudu da sikeli

Duk ɗan kasuwa ya san mudu yana nuna wanda ya fi wani yawa, amma in ana son sanin kilo nawa ne, sai an ɗora a sikeli. Ƙirgar ramuka mudu ce. Sikelin shi ne awon da ake yi wa dutse a ɗakin gwaji.

Wasu sinadarai da ke cikin duwatsu suna rikiɗewa da kansu zuwa wasu, a kan ƙa'idar da zafi ko sanyi ba sa sauyawa. Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, yana komawa dalma sannu a hankali: nau'insa mafi yawa yakan ɗauki shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya rikiɗe. Wani nau'in fotasiyom kuma rabinsa yana rikiɗewa cikin shekara biliyan 1.25, wani kaso nasa ya koma iskar agon. Lokacin da narkakken dutse ya daskare, sinadaran sukan kulle a cikin ƙwayoyinsa, lissafi ya fara daga nan. In aka auna yawan uwar da ta rage da yawan 'yar da ta haifa, sai a san tsawon lokacin da ya wuce. Da wannan hanya Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya a 1956, wato kimanin biliyan 4.55, kuma cikin abin da ya auna har da gutsuren ƙarfen da aka tsinta a gefen ramin nan na Arizona. Da ita kuma aka san shekarun dutsen Zagami.

Daga Yulin 1969 zuwa Disambar 1972, 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka sun sauka a Wata sau shida, suka kawo duwatsu da ƙasa masu nauyin kilogiram 382. Kumbunan Luna uku na Tarayyar Sobiyet, waɗanda ba mutum a cikinsu, sun ƙara da kimanin giram 300 tsakanin 1970 da 1976. Darajar waɗannan duwatsu ita ce suna da takardar haihuwa kuma suna da adireshi. Baƙaƙen duwatsun da Apollo 11 ya kawo sun nuna shekara biliyan 3.6 zuwa 3.9, abin da ya gaskata hasashen Hartmann. Na Apollo 12 sun nuna kimanin biliyan 3.2. Sai aka ƙirga ramukan kowane wurin sauka aka haɗa da shekarun dutsensa, aka samu jadawalin da ke cewa rami kaza a fili kaza daidai yake da shekara kaza. Wanda aka fi amfani da shi har yau shi ne na masanin nan ɗan Jamus, Gerhard Neukum, wanda ya kammala a 1983.

Jadawalin ya tona wani abu da ba a zata ba. Yayyafin bai kasance bai ɗaya ba. Kafin shekara biliyan 3.8 da suka wuce ruwan duwatsu ake yi kamar da bakin ƙwarya, sannan ya ragu da sauri, kuma a shekara biliyan uku na baya-bayan nan ya zama ɗigo-ɗigo a kan ƙima kusan ɗaya. Don haka filin da ramukansa suka ninka na wani sau goma ba lallai ne ya ninka shi shekaru sau goma ba, yana iya girmarsa da 'yan miliyoyin ɗaruruwa kawai.

Giɓin da ya jira shekara 44

Jadawalin yana da wani babban rauni da masu shi ba su taɓa ɓoyewa ba. Duk filayen da Apollo da Luna suka ɗebo sun haura shekara biliyan uku. A ɗaya ƙarshen kuma akwai 'yan ramuka matasa da aka ƙiyasta shekarunsu, irin su Copernicus mai kimanin shekara miliyan 800 da Tycho mai kimanin miliyan 108. Tsakanin biliyan uku da biliyan ɗaya babu ko dutse guda. Kusan rabin tarihin Wata ke nan, an ja layi ne kawai daga wannan gaɓa zuwa waccan, da fatan hanyar miƙaƙƙiya ce.

Ƙasar Sin ce ta cike giɓin. A ranar 1 ga Disambar 2020 kumbonta Chang'e-5 ya sauka a arewa maso yammacin fuskar Wata da ke kallonmu, a wani fili da aka zaɓa da gangan saboda ƙarancin ramukansa. Ya dawo cikin watan da giram 1,731 na ƙasa da tsakuwa, karo na farko da aka kawo wani abu daga Wata tun 1976. Kafin saukarsa, ƙungiyoyin masana daban-daban sun ƙirga ramukan wannan yanki, kuma amsoshinsu sun bambanta, daga shekara biliyan 1.2 zuwa sama da biliyan 2. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu girman kuskuren da hanyar ke iya ɗauka. A Oktoban 2021 sakamakon ɗakin gwaji ya fito: wata ƙungiya ta samu shekara biliyan 1.96, wata ta samu biliyan 2.03.

A ganina sakamakon ya wanke hanyar, ya kuma ja kunnen masu amfani da ita. Da aka sake ƙirga ramukan daidai wurin da kumbon ya sauka aka ɗora a jadawalin Neukum, gyaran da ake buƙata bai yi yawa ba. Wato layin da aka ja cikin duhu ya bi kusa da hanya. Kuskuren waɗanda suka ce biliyan 1.2 ya fi alaƙa da yankin da suka shata da ramukan da suka zaɓa su ƙirga.

Amma sakamakon ya haifar da wata sabuwar matsala. Ƙaramar tukunya ta fi babba saurin hucewa, kuma faɗin Wata, kilomita 3,474, bai wuce rubu'in na duniya da kaɗan ba. Me ya sa cikinsa ke narkar da dutse har shekara biliyan biyu da suka wuce, bayan ya shafe shekara biliyan biyu da rabi yana hucewa? An yi zaton ɗayan biyu: ko dai wurin da narkakken dutsen ya fito yana da yalwar sinadarai masu fitar da zafi irin su yuraniyom, ko kuma yana da ruwa, wanda ke sa dutse ya narke da wuri. Gwajin ya nuna tushen ba shi da yalwar ko ɗaya. Bayanin da wasu masu binciken suka gabatar daga baya shi ne cewa cikin Wata ya cakuɗa da wasu ma'adinai masu saurin narkewa, waɗanda suka nutse daga sama tun farkon samuwarsa.

A Yunin 2024 kumbon Chang'e-6 ya kawo giram 1,935 daga bayan Wata, ɓangaren da ba ya taɓa juyowa gare mu. Baƙin dutsen da ke ciki ya nuna shekara biliyan 2.8, wani ma'auni ke nan a cikin giɓin.

Inda agogon ke tuntuɓe

Babban abin da ke rikita ƙirga shi ne ramukan da ba daga sama kai tsaye suka zo ba. Idan babban dutse ya faɗo, yakan watsa ɓaraguzai su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, kowanne ya haƙa nasa ƙaramin rami. Binciken da aka wallafa a 2005 a kan wani rami a Mars mai suna Zunil, wanda faɗinsa kilomita 10 ne, ya ƙiyasta cewa shi kaɗai ya haifar da ƙananan ramuka kusan miliyan goma. Wanda ya ƙirga su a matsayin jifa daban-daban zai tsufar da fili ba gaira ba dalili. Waɗanda suka faɗo a jere ko a dunƙule ana gane su a ware, amma waɗanda suka yi nisa sukan saje da sauran.

Matsalar ta fi tsanani a wurare ƙanana kuma matasa, inda babu manyan ramuka sai ƙanana. A 2014 wasu masana suka ƙirga ramukan wasu 'yan filaye masu baƙuwar siffa a Wata, ciki har da wanda ake kira Ina, suka ce ba su kai shekara miliyan 100 ba. Wasu suka mayar da martani cewa dutsen wurin mai kumfa ne kamar soso, jifa ba ya barin babban rami a cikinsa, don haka tsoho ne mai fuskar yaro. A Satumbar 2024 kuma wata ƙungiya ta ce ta tace ƙwayoyin gilashi kusan 3,000 daga ƙasar da Chang'e-5 ya kawo, ta samu uku da take ganin aman wuta ne ya samar da su shekara miliyan 120 kacal da suka wuce. Wasu masana suna ganin zafin karo ne ya narkar da su. Ƙwaya uku hujja ce siririya ga magana mai nauyi irin wannan, kuma gardamar ba ta mutu ba.

Zara, Io da Mars

Duk shekarun da ake faɗa na fuskokin sauran duniyoyi masu duwatsu aron agogon Wata ne, bayan an yi masa gyara. Zara, wadda Bahaushe ke kira matar Wata, gajimare mai kauri ya lulluɓe ta, sai da kumbon Magellan ya leƙa ta da na'urar rada daga 1990 zuwa 1994. Duniya ce da ta kusa kai tamu girma, amma ramukan da aka samu ba su kai 1,000 ba, kuma a warwatse suke ko'ina kusan daidai wa daida. Ma'anar haka ita ce aman wuta ya sabunta fuskarta cikin 'yan miliyoyin ɗaruruwan shekarun baya. A 2023 wasu masu bincike biyu suka koma kan tsofaffin hotunan Magellan, suka ga wani bakin aman wuta a tsaunin Maat Mons ya sauya siffa ya ƙara faɗi cikin wata takwas a 1991.

Io, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari, shi ne ƙarshen misali. Tun da kumbon Voyager 1 ya hango aman wuta yana tashi daga cikinsa a Maris ɗin 1979, ba a ga ramin karo ko ɗaya a kansa ba. Duwatsu masu aman wuta kimanin 400 ne ke shafe daɓen ba dare ba rana.

Mars ta fi wuyar sha'ani. Ta fi Wata kusa da zoben duwatsun da ke tsakaninta da Mushtari, don haka ta fi shan jifa, amma duwatsun kan iso da gudun da bai kai na Wata ba, ƙarfin janta ya fi na Wata, tana kuma da 'yar iska da ƙura masu goge ƙananan ramuka. Kowane gyara yana shigo da nasa shakku, har ta kai shekarun wasu filayen na iya kaucewa da ɗaruruwan miliyoyi. Duk da haka hoton da ya fito a bayyane yake. Kudancin Mars tsoho ne tukuf, ya kusa shekara biliyan huɗu. Yankunan aman wuta na Tharsis da Elysium kuwa matasa ne. Ƙirgar da Neukum da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, daga hotunan kumbon Mars Express na Turai, ta nuna cewa bakunan manyan tsaunukan Tharsis, ciki har da Olympus Mons mai tsayin sama da kilomita 20, sun yi aiki a shekara miliyan 100 zuwa 200 da suka wuce. Wannan ya zo daidai da shekarun dutsen Zagami, kuma hanyoyin biyu ba su dogara da juna ba. Shi ya sa masu neman mahaifar Zagami da 'yan uwansa suka fi zuba ido a kan sababbin ramukan da ke waɗannan yankuna biyu.

Abin da ya shafi mazauna ƙasa

Mai karatu zai iya cewa to mene ne ruwan mai shago a Kantin Kwari da shekarun wani fili a Wata? Ruwansa shi ne Wata da duniya hanya ɗaya suke bi, jifan da ya sami ɗaya yana iya samun ɗayan. Jadawalin ramukan Wata shi ne rajista mafi tsawo da ake da ita ta yawan duwatsun da ke faɗowa a unguwarmu, manya nawa, ƙanana nawa, a tsawon wane lokaci. Kuma rajistar ba a rufe ta ba. A 2016 masu kula da kumbon LRO na Amurka, wanda ke kewaya Wata tun 2009, sun kwatanta tsofaffin hotuna da sababbi suka samu sababbin ramuka 222.

Duniya ma tana da nata tabon. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Ghana ramin karo ne mai faɗin kilomita 10.5, ya shekara miliyan ɗaya da 'yan kai. Akwai Aorounga a hamadar arewacin Chadi. Vredefort na Afirka ta Kudu ya samu ne shekara biliyan 2.02 da suka wuce, kusan lokaci guda da malalar da Chang'e-5 ya ɗebo. Ramin Chicxulub na Meziko, mai shekara miliyan 66, shi ake dangantawa da ƙarewar manyan dabbobin nan da ake kira dainaso. Na kusa-kusa kuma shi ne na ranar 15 ga Fabrairun 2013, lokacin da wani dutse mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha, mutum kimanin 1,500 suka ji rauni, yawancinsu daga fasassun gilasan tagogi.

Akwai kuma ɓangaren kuɗi, wanda yankinmu ya fara ɗanɗanawa. Dutsen Zagami ya daɗe yana riƙe da kambun dutsen Mars guda mafi girma da aka samu a duniya, kuma an yayyanka wani ɓangarensa ya bazu a gidajen tarihi da hannun masu tara irin waɗannan kaya a ƙasashen waje. A Nuwamban 2023 aka tsinci wanda ya fi shi, mai kilogiram 24.6, a yankin Agadas na Nijar. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan Dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Abin da masana ke jira yanzu shi ne dutsen Mars mai adireshi. Motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka a ramin Jezero a Fabrairun 2021, ta huda duwatsu ta adana su a cikin bututu, ciki har da na daskararren narkakken dutse daga ƙasan ramin, wurin da an riga an ƙirga ramukansa. Shirin ɗauko su ya gamu da matsalar kuɗi a Amurka, yayin da Sin ta sanar da nata shirin, Tianwen-3, da niyyar harba shi a 2028 ya dawo da samfuri a wajajen 2031. Duk wanda ya riga, awo ɗaya daga sanannen wuri zai yi wa agogon Mars abin da Apollo 11 ya yi wa na Wata.

Shi kuwa dutsen Zagami, wani ɗan gutsurensa ya riga kowa komawa gida. A 1996 masu haɗa ɗaya daga cikin na'urorin kumbon Mars Global Surveyor sun maƙala ƙwayarsa a jikinta kafin a harba shi. Kumbon ya isa Mars a 1997, ya daina magana da duniya a Nuwamban 2006, kuma an bar shi can yana kewaya ta da ɗan dutsen Katsina a jikinsa.